Katin da Aka Gasa

A layinmu na masu gyaran kwamfuta akwai wata al'ada da ba mu faɗa wa masu saye. Idan katin hoto ya mutu, wato allon nan mai fankoki da ke zana duk abin da ido ke gani a wasa, ba ma jefar da shi. Mukan cire fankokin, mu hura wa ƙwaƙwalwarsa iska mai zafi har dalmar da ke ƙarƙashinta ta narke ta sake kamawa. Gashi muke ce wa wannan. Wani katin in an gasa shi sai ya farfaɗo ya yi shekara, wani mako biyu, kuma babu gwanin da zai iya gaya maka wanne ne wanne. Don kada mu cuci junanmu, duk wanda ya gasa kati sai ya ɗiga masa jan farce a kusurwa, dab da ramin noti. Mu 'yan layi mun san ɗigon. Mai saye in ya gani yakan ɗauka kwalliyar kamfani ce.

Ranar Asabar da hantsi ta zo. Mai Caja ne ya fara hango ta, shi da shagonsa ke manne da nawa, katako ɗaya ya raba mu.

"Injiniya, ga baƙuwa! Ɓoye kwanon nan, ka yi kamar kana aiki."

Mace ce da ba za ta wuce talatin da biyar ba, jakarta duk farin alli a bakin zif. Malamar firamare ce, kamar yadda na ji daga baya. Ta gaishe mu, ta zauna a bencin da nake ajiye matattun firinta a ƙarƙashinsa, ta miƙo mini takarda. Wani abokin aikinta ne ya rubuta mata kayan da za ta nema.

"Kwamfutar wasa nake so a haɗa mini. Wasan tuƙin babbar mota."

Mai Caja ya leƙo da kai ta saman katakon. "Kai, yaran zamani! Malama, ki saya masa littafi, ki huta."

"Mahaifina ne," in ji ta. "Shekara talatin da ɗaya yana jan tirela."

Mai Caja ya janye kansa a hankali, ya koma jera wayoyin cajarsa da ya riga ya jera.

Ta ajiye ambulan a kan teburina ta ce abin da ke ciki ke nan, babu wani a baya. Na duba ambulan, na duba takardar. Wanda ya rubuta ta bai taɓa taka kasuwa ba, ko kuma bai san albashin malamin firamare ba. Na ɗauki biro na fara soke-soke.

Akwati mai gilashi da fitilu masu launi na fara sokewa. Ina da wani tsohon akwatin kwamfutar ofis, gefensa ya ɗan lotsa, na ce ta ɗauka kyauta tunda mota ba ta tafiya da fenti. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na zaɓa mata wanda ya fito shekara huɗu baya. Madabod, babban allon da ake dasa komai a kai, na hannu. Ram, mai riƙe aikin da ake kan yi, sanda biyu, su ma na hannu, domin ram ba ya tsufa da wuri. Ma'ajiya ƙarama amma sabuwa, wasa ɗaya ne za a zuba. Allo kuwa ta ce akwai talabijin a ɗakinsa, na ce ya wadatar.

Da muka zo kan akwatin wuta, wanda ke raba wa sauran kayan lantarki, ta nuna wani mai araha a kan kanta. Na girgiza kai.

"Nan ba a rowa, Malama. In mai araha ya ƙone ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja 'yan'uwansa. Sabo za ki saya, mai takardar garanti."

Ta dube ni, na ga ta yarda da ni daga wannan maganar. Na sha tuna wannan kallon daga baya.

"Sitiyari fa?" ta tambaya. "Ba zai yarda ya tuƙa mota da maɓallai ba."

"Akwai wani a hannun abokina a can ƙarshen layi, rabin kuɗi. Amma fedarsa ta ɓace. Ba birki, ba totur."

"Karɓo shi."

"Malama, ba feda fa na ce."

"Na ji ka. Ba ya buƙatar feda." Idonta na kan takardar. "Suga ne. An yanke masa ƙafar dama bara, ta hagu wata uku ke nan."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na gaya mata akwai wasu 'yan faranti biyu a bayan sitiyarin da ake ja da yatsu, zan mayar da ɗaya totur, ɗaya birki.

Sai kati ya rage, shi ne kuma uban tafiyar. Abin da ya saura a ambulan bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kati mai kyau ba, ko na hannu. Na gaya mata gaskiya: ta tafi da sauran kayan, ta ƙara tara na wata shida, ta dawo.

Ta juya ambulan a kan teburin. Can ta ce, "Tun da muka dawo daga asibiti fuskarsa na bango. In na kai abinci sai ya ce ajiye. Rannan jikan maƙwabciyarmu ya shigo gaishe shi yana wannan wasan a waya, sai kawai na ji Baba daga kicin yana cewa, 'Kai, wawa, haka ake shan kwana da tirela? Buɗa ka shiga!' Wata uku ban ji ya yi wa kowa faɗa ba sai ran nan." Ta gyara mayafinta. "Ba ni da wata shida."

A aljihun teburina na ƙasa akwai wani kati babba mai fanka uku, wanda na gasa kwana goma da suka wuce. Na ɗauko shi, babban yatsana ya rufe jan ɗigon kusurwar.

"Wannan na hannu ne," na ce.

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Yana aiki. Bari ki gani."

Na jona shi a kwamfutar gwaji, hoto ya fito tas. Ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Na hannu ne, kuma yana aiki. Na karɓi sauran abin da ke ambulan, muka yi da ita zan kai kayan gida ranar Litinin bayan an tashi makaranta.

Bayan ta tafi na ɗauko reza. Jan farcen ya bushe sosai, sai da na danna, bakin rezar ya ɗan ci koren fentin allon.

"Injiniya, aski kake yi wa kati?" Mai Caja ne, ya sake ɗora haɓarsa a kan katakon.

"Koma kan cajarka."

"Ai ba ta san ɗigon ba, me ya kai ka wahala?"

"Wata rana wani zai buɗe mata akwatin."

Ya ɓata fuska, abin da ba halinsa ba. Mutumin da ke sayar da cajar da ba ta kai mako, ya rantse maka da ta kamfani ce. "Ka ga," ya ce, "sayar da gasasshe, kowa na yi, ni ma in da na iya da na yi. Amma kankarewa, wallahi shekarata tara a layin nan ban taɓa gani ba."

Na yini ina ba kaina hujja, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Kuɗin da na karɓa bai kai rabin abin da wani zai caje ta ba. In na faɗa mata gasasshe ne za ta ji tsoro ta fasa, tsoho ya ci gaba da kallon bango. In katin ya mutu zan sake gasa shi kyauta, in ce tsautsayi ne. Duk wannan ya zauna daidai a raina. Rezar ce kawai ta ƙi shiga lissafin. In don tsohon na yi, me ya sa na goge abin da zai tona ni?

Ranar Litinin da la'asar na isa gidan. Ɗaki biyu ne da falo a bene na farko, matakalar ƙunci gare ta, na gane dalilin da ya sa ba ya fita. Ɗakinsa na da taga ɗaya mai kallon bayan wani gini. Gado, keken guragu, kwalaben magani jere a kan kujera, da wata roba a ƙarƙashin gado da aka rufe da tawul. A bango hoton wani ƙaƙƙarfan mutum ne tsaye a matakalar tirela, ƙafa ɗaya a sama.

Mai hoton na zaune a keken, bargo a cinyarsa. Kafaɗun suna nan, hannayen ma suna nan, manya, masu kanta.

"Baba, ga mai haɗa kwamfutar," in ji Malama.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne makanikin?"

"Ni ne, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya. Ita ce ta nace. Na ce mata kuɗin alli ba na wasa ba ne."

Muka jawo teburin da take duba littattafan ɗalibai a kai, na ɗaure sitiyarin a bakinsa, na tura keken har ƙirjinsa ya yi daidai. Ya ce in ɗaga teburin kaɗan, muka sa masa tsofaffin littattafai a ƙarƙashin ƙafafu. Na jona talabijin, na kunna.

Cikin motar ya bayyana a allo. Ya ɗora hannu biyu a sitiyarin, ya murza shi hagu da dama yana jin nauyinsa. Na nuna masa farantin totur da na birki. Sau biyu ya kashe motar a bakin gareji, a na uku ya fita titi.

Katin ya yi aikinsa, ba zan ɓoye ba. Ruwan sama na sauka a gilashi, waifa na sharewa, ana ganin ɗigo ɗaya-ɗaya. Fitilun motocin da ke tahowa na sheƙi a kan kwalta. A madubai biyu ana hango jelar tirelar har ƙarshenta. Idonsa na yawo daga wannan madubi zuwa wancan, kamar bai taɓa sauka ba.

"Dubi wannan ɗan iskan mai ƙaramar mota," ya ce. "Ta ina zai wuce? Wuce mana, uwarka na jiranka!"

Malama ta toshe baki da mayafi tana dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce bari ta dafa mana shayi, ta fita da sauri.

Ya yi kamar minti ashirin yana tuƙi, sai ya kunna sigina, ya gangara gefen hanya, ya tsaya.

"Makaniki, buɗe min bonet."

"Baba, ai lafiya take tafiya."

"Sabuwar mota in ka yi tafiyar farko sai ka sauka ka taɓa ta. Haka aka koya mini. Buɗe."

Na kashe kwamfutar, na kwance noti biyu, na ɗora akwatin a kan teburin kusa da shi. Ya sa tabarau. Ya tambayi sunan kowane abu, ina faɗa yana gyaɗa kai. Ya kai bayan hannunsa kusa da katin yana jin zafinsa. Sannan ya bi gefensa da babban yatsa, a hankali, har ya kai kusurwar. Ya koma baya, ya sake bi.

"Me aka kankare a nan?"

Ina iya cewa wajen ɗaure noti ne sukudireba ta zame. Amsar na bakina. Amma ya cire tabarau yana kallona, irin kallon wanda ya yi shekara talatin yana sauraron makanikai.

Na gaya masa komai. Gashin, ɗigon, rezar.

Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya kalli allon da ya yi baƙi.

"Masu faci suna da irin wannan," ya ce. "Tsohuwar taya da ta cinye, su yi mata sabon zane da wuƙa mai zafi. Na sha hawa irinta ina sane, in mai mota ya yi rowa. In ka san ta, ka mayar da ita baya, ka rage gudu, duk inda ka tsaya ka duba ta. Ta kai ka. Sau ɗaya aka sa mini ban sani ba, a gaba, ta fashe a gangara." Ya shafa sitiyarin. "Wanda muke karɓa-karɓar tuƙi da shi yana kwance a gadon baya. 'Ya'ya huɗu ya bari."

Daga kicin ana jin ƙarar cokali a kofi.

"Ni ka bar mini katinka," ya ci gaba. "Na iya lallaɓa abin da ya gaji. Minti talatin in tsaya ya huce. Amma ba ni na biya ba. Kuɗinta ne, ƙurar alli ta sha ta tara su. Kai za ka gaya mata."

"In ban faɗa ba fa, Baba?"

"Ba zan tona ka ba, ɗana. Sai dai mu zama mu biyu muna ɓoye mata abu a cikin gidanta. Likitoci sun yi mini haka wata biyu, su tsaya bakin ƙofa suna ƙus-ƙus, in na tambaya su ce ƙafa na samun sauƙi. Ban ji daɗinsa ba."

Ta shigo da tire. Ta ga akwatin a buɗe, ta ga fuskokinmu, ta ajiye tiren a kan gado.

"Lafiya?"

Na miƙe tsaye na faɗa mata. A karo na biyu maganar ta fi nauyi, domin ita ba ta kawar da kai ba.

"Na tambaye ka ko lafiyarsa ƙalau."

"Kin tambaya."

"Ka ce yana aiki."

"Haka na ce."

"Kwana nawa zai yi?"

"Ban sani ba, Malama. Zai iya shekara. Zai iya mako biyu."

"In zai mutu, yaya yake yi?"

"Hoton yakan tsattsage, ya yi layi-layi, sai allo ya ɗauke. Wani lokaci sautin ya maƙale yana ta ƙara har sai an zare wuta."

Ta kalli soket ɗin da ke can ƙasan bango, bayan gado, inda sai an durƙusa ake kaiwa.

"Cire shi," ta ce.

"Ke, bar shi mana," in ji tsohon. "Tunda na san halinsa zan bi shi a hankali."

"Baba, ina fita ƙarfe bakwai, ba na dawowa sai uku. In ya mutu kana tsakiyar hanya, wa zai zare wutar? Ka zauna kai kaɗai da baƙin allo yana maka ihu har in dawo? Ko kullum in tsaya gaban allo ina koyar da 'ya'yan mutane, raina na nan ina cewa yau ne ko gobe?" Ta girgiza kai. "Na gaji da jiran ranar da abu zai lalace."

"Ai ni zan tuƙa."

"Na ji ka daga kicin, Baba. Kuɗina ne ka ce."

Ya sauke hannayensa daga sitiyarin ya ɗora a kan bargo.

Na zare katin, da sauran ɗuminsa. Na gaya musu firosesan na da ɗan abin zana hoto nasa a ciki, mara ƙarfi, wanda aka yi don aikin ofis. Wasan zai tashi da shi in an rage komai. Ta ce in gwada.

Na mayar da wayar talabijin jikin madabod, na shiga wajen saiti ina ragewa. Na kashe inuwa. Na kashe ruwan sama. Na rage nisan da ido ke hangowa, na rage yawan motocin hanya. Itatuwa suka koma kamar an yanko su daga kwali. Duk da haka hoton na tafiya yana tsayawa, kamar mai ɗingishi.

"Sai an kashe madubai, Baba. Su ke cin ƙarfi, kowanne kamar wata hanyar ce daban ake zanawa."

"Tirela ba madubi?" Ya yi wata gajeriyar dariya. "Kana so in kwashe kasuwar mutane?"

"Zai iya ɗaukar ɗaya."

Ya yi tunani sosai, kamar ana tambayarsa abin da ya shafi rai. "Bar na can ɓangaren. Nan kusa da ni na san tsawon motata."

Na bar masa shi. Na ciro kuɗin katin daga aljihuna na ajiye a kan teburin. Ta ɗauka ba ta duba ba, ta ce za ta ci gaba da tarawa, in ya kai za ta nemi kati a wani wurin. Na ce hakan ya yi. Na rubuta mata sunan irin wanda za ta nema a bayan takardarta, da inda za ta duba a kusurwa.

Ta raka ni bakin ƙofa. Shayin na kan gado ba wanda ya taɓa.

"Da ba ka faɗa ba, da yanzu yana can yana zagin masu ƙananan motoci," ta ce.

"Haka ne."

"Ban san ko in gode maka ba."

"Kada ki gode."

Ina ɗaura igiyar takalmina na ji injin ya tashi a ɗaki, sautin na yankewa yana dawowa. Muka tsaya muna saurare. Can ya ɗaga murya.

"Makaniki! Ka tafi?"

"Ina nan, Baba."

"Birkin nan yana makara. In na ja sai ya yi tunani kafin ya kama."

"Ƙarfin ne ya gaza, Baba. Ba abin da zan iya yi masa."

Sai ƙarar sigina, ƙyat, ƙyat, ƙyat.

"To," ya ce. "Zan riƙa kamawa da wuri."